Matmurar Babanmu a Ƙofar Maktaba

Jiya na tsaya cak gaban wani tsohon hoto a jami'ar garinmu, 'yata Nafisa tana jan hannuna wai mu wuce. A can take karatu, ita ta kai ni kallon hotunan da aka fito da su daga ma'ajiya, na yadda aka gina wurin.

A ƙasan hoton an rubuta da Larabci cewa nan aka gina maktaba, ɗakin karatun jami'ar, wai da fili ne, babu komai.

Ni kuwa na gane aduwar nan mai karkataccen reshe a cikin hoton. A gindinta babanmu yake haƙa matmura, ramin da muke binne dawa bayan girbi, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a rufe da ƙasa. Daga sama ba a ganin komai, amfaninta ke nan.

Na faɗa wa ustazar da ke kula da hotunan. Ta ce, "Ya Hajj, kana da hoton matmurar?"

Na ce, "Ya bitti, 'yar nan, wa yake ɗaukar hoton inda ya ɓoye abincinsa? Amma zo ki gani."

Na kai su ƙofar maktaba, inda daɓen ya lotsa. Nafisa ta ce duk damina ruwa na kwanciya a nan, tsallakewa suke yi.

Na ce, "Rumbun kakanki kike tsallakewa."

Ustaza kuwa ta kunna wayarta don ɗaukar muryata, ta ce in faro labarin daga farko.

Ku fa, kun san abin da ke ƙarƙashin makarantar 'ya'yanku?