Hannun Dije da Surukinta

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi wani abu ba daidai ba, ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka ya yi aiki da shi. Sai da na karanta wa wani likita ya ce babu kuskure, sannan hankalina ya kwanta.

Aikina ɗaurin filasta ne, wadda mutane ke kira siminti, a wani asibiti a Talata Mafara. Likita ne ke duba hoto ya gyara ƙashi, ni kuma in ɗaure. Ranar da ba ta fita raina wata Talata ce da damina, gari cike da 'yan kasuwa. Wani dattijo makiyayi, Malam Jaɓɓi, ya kawo matar ɗansa daga Damaga. Sunanta Dije. Saniya ce ta harbe ta tana tatsa, ƙasusuwan hannun dama suka karye tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Mijinta yana daji da shanu.

Sabuwar karaya ba a zagaye ta da filasta, saboda kumburi. Rabin hannun ake sa wa, a naɗe da bandeji. Haka na yi. Bayan ɗauri kuma akwai abu biyu da muke bibiya. Na farko, a danna farce ya yi fari, a saki a ga ko ja ya dawo da sauri. Na biyu, a tambayi mai ciwo yadda yake ji. Dalili shi ne naman hannu yana cikin wani tantani mai tauri. Wani lokaci, ba kasafai ba, kumburi kan cika shi ya rasa wurin zuwa, jini ya daina ratsawa. In aka yi sake naman ya mutu, yatsu su ƙandare har abada. Babbar alamarsa ciwo ne da ya fi ƙarfin karayar.

Na kama yatsun Dije, sai na tarar da lalle ya rine farcen har ya yi duhu, don an yi suna a rugarsu. Na danna, ban ga komai ba. Na ce, “Baiwar Allah, yaya hannun?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Da sauƙi.”

Malam Jaɓɓi yana zaune kan tabarma kusa da gadon. Ya ce, “Ka ji ko? Mu namu ba su da raki. A sallame mu tun mashin bai yi wuya ba.”

Likita ya ce a riƙe ta tukuna a ga yadda kumburin zai yi. Na koma ɗakina, amma na kasa zama. Na dawo na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Na sake dawowa, amsar ɗaya ce, sai dai gumi na tsattsafo mata alhali garin da sanyi. Na sami Sista Rabi, babbar nas ɗinmu, na ce, “Sista, anya kuwa?”

Ta yi dariya. “Malam Anya, yau ma? Kai ko akuya ka ɗaure sai ka bi ta gida ka ji yadda ta kwana.” Duk da haka ta taso. Ta dubi Dije, ta dubi dattijon, sai dariyar ta ɗauke. Ta ce mini a hankali, “A gaban surukinta kake tambayarta? Ko hannun zai cire ba za ta ce uffan ba. Fitar mini da shi cikin mutunci.”

Na ce, “Baba, azahar ta kusa, zo in nuna maka wurin alwala.” Na kai shi har famfo na dawo. Na iske Dije ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙora, hawaye na zuba. Ta ce wa Sista, “Inna, kamar an sa shi cikin garwashi. Tun ɗazu.”

Nan take muka kwance bandejin, aka kira likita. Ya miƙar da yatsunta a hankali, ta ƙwalla ƙara. Ya taɓa hannun, ya yi tauri kamar icce. Ya jira kaɗan ko kwancewar za ta taimaka, ba ta taimaka ba. Ya ce sai tiyata yanzu, a tsaga fata da tantanin, naman ya samu sarari. Kai ta Gusau ɓata lokaci ne da hannun ba zai jure ba.

Malam Jaɓɓi ya dawo ya ji, ya ɓata rai. “Likita, karaya ce. Mi ya kawo wuƙa? Ita da bakinta ta ce da sauƙi.”

Likita ya ce, “Baba, kunyarka ta ji. Tarbiyya ce, ba laifi ba. Amma in muka kai la'asar, wannan hannu ba zai sake tatsa ba.”

Dattijon ya juya wa gadon baya, don kada su haɗa ido, ya ce, “Ku tambaye ta. Abin da ta ce, shi na ce.” Ya fita. Dije ta ce a yi.

An tsaga, naman ya bulluƙo waje, likita ya ce da ransa. Aka bar raunin a buɗe ana wankewa har kumburi ya saɓe, sannan aka ɗinke, aka tura ta babban asibiti don gyaran ƙashin. Da ta dawo dubiya, yatsu uku suna motsi sosai, ƙananan biyu suna da nauyi. Likita ya koya mata matsa ƙullin tsumma, ya ce ana sa ran za su saki.

Ga ƙananan ma'aikata, abin da na koya shi ne “da sauƙi” gaisuwa ce, ba amsa ba. Kafin ka tambayi mai ɗauri ciwo, dubi wanda ke zaune kusa da shi. In farce da lalle, kada ka dogara da shi, ka kira nas ko likita a miƙar da yatsu.

Dije ba ta zo dubiya ta ƙarshe ba, an ce sun tashi da shanu. Don Allah, duk ma'aikacin lafiya na Maradun ko Bakura da ya ci karo da mace mai dogon tabon ɗinki a cikin hannun dama, ya duba mini ƙananan yatsun nan biyu, ya aiko mini da labari. Amma ya tambaye ta ita kaɗai.