Sakainar da Ba Ta Fito Ba

A yau idan ka je manyan biranen duniya ba za ka tarar da mutum tsaye yana leƙen magudanar ruwa ba. Aiki ya kai ni ƙarƙashin ƙasa a Landan da Alƙahira, na ga lambatun da mota za ta iya bi ta cikinsa. Wata 'yar na'ura ce maƙale a rufi, tana aika sauti kan ruwa tana sauraron dawowarsa, da haka take sanin zurfinsa. Wata tana kwance a ƙasa tana auna gudunsa. Ma'aikaci yana zaune a ofis da kofin shayi, lambobi suna zuwa masa. A Karaye ta ƙuruciyata kuwa, abin awonmu sakaina ce da carbi da tsofaffi biyu.

A wani ƙauye na ƙasar Rogo aka haife ni, amma a Karaye na girma, a hannun ƙanen kakana, wanda nake kira Kaka. Lokacin da aka ɗaga hanyar da motocin gyaɗa ke bi, an cika ta da jar ƙasa har ta fi unguwarmu tudu, ta tare wa ruwan sama hanyarsa ta zuwa kududdufi. Sai aka binne kwalbati guda ɗaya a ƙarƙashinta. Duk ruwan unguwa, na indararo da na rariya da na kwata, nan yake taruwa ya wuce. Bakin da ruwan ke fita yana ƙetaren hanya, a fili. Bakin da yake shiga kuwa yana cikin gidan wani malami, can baya, gindin ɗakin mahaifiyarsa, domin gidan ya riga hanyar zuwa, kuma tun asali ta bayansa ruwan ke ratsawa. Kowa ya san in kwalbatin ya toshe, ɗakin tsohuwar ne zai fara jiƙa, ga shi ginin tubali ne.

Gidan malam gidan kulle ne, namiji baligi ba ya wuce zaure. Kaka kaɗai aka yarje wa shiga, saboda tsufansa, kuma shi ne wanda mai unguwa ya ɗora wa duba kwalbatin. Yana da doguwar gora mai ƙugiyar ƙarfe a kai, shi ya sa tsohuwar ke ce masa mai gora. Ita kuma duk unguwa Iya muke ce mata.

Ba kullum yake shiga ba. In ruwa ya tsagaita, sai ya tsaya a bakin fita, ya ɗaga murya ta saman hanya da katanga.

"Iya, kina nan, ko ruwa ya tafi da ke?"

"Ruwan da zai tafi da ni sai ya fara ta kanka, mai gora. In saki?"

"Saki."

"Na saki!"

Tana da tarin fasassun ƙorai da ta ajiye don wannan aikin. Tana jefa sakaina a bakin kwalbatin, Kaka ya fara jan carbi, kowace ƙwaya da tasbihi ɗaya. In sakainar ta ɓullo kafin ya kai alamar farko, talatin da uku, to hanya a buɗe take, sai ya ce mata ta je ta yi barcinta. In ya kai alama ta biyu ba ta fito ba, wani abu ya tokare a ciki. Nan zai saɓa gora, ya zagaya ta zaure, ya yi sallama, mata su shige ɗaki, ya je ya zaƙulo kara ko tsumma ko tsohuwar tabarma. Ban taɓa ganin ya kai ƙarshen carbin ba.

Ni ban taɓa ganin Iya ba. Ina yaro ba ni da abin da zai kai ni gidan, da na girma kuma ƙofa ta rufe. Muryarta na sani, siririya, mai ɗan kaushi, kullum da dariya a ƙarƙashinta. Angona take ce mini, irin wasan da tsofaffi ke yi da jikoki.

A ƙarshen shekarun sittin na dawo daga Kaduna, inda na koyi aikin hanya da gini, na kama aiki a garinmu. A makaranta na ga wata na'ura mai rubuta tashin ruwa da saukarsa a takarda, kuma tun ranar ban huta ba. Ba mai ba mu irinta a Karaye, don haka na haɗa tawa. Na kafa bututu a tsaye cikin ruwa, na saka gwangwanin madara da aka liƙe bakinsa da dalma yana yawo a ciki. Zare ya tashi daga gwangwanin ya bi ta kan wani ɗan gargare zuwa fensir. Fensirin yana jingine da takarda da na naɗe a jikin wani babban gwangwani, shi kuma tsohon agogon tebur ne ke juya shi a hankali. Mai gyaran agogo na kasuwa ya yi kwana uku yana taya ni, yana cewa bai taɓa ganin hauka mai kyau irin wannan ba. Ruwa ya tashi, layi ya hau. Ruwa ya sauka, layi ya sauko.

Saura inda za a kafa ta. A aji an gaya mana kwalbati ana auna shi a bakin shiga da bakin fita, na rubuta, har na ci jarrabawa da shi. In kuma ɗaya kawai za a auna, to bakin shiga ne. Amma wannan yana nufin in je gaban malam, ni saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu ba aure, in ce ina so in riƙa shiga cikin iyalinsa kowace safiya don canza takarda. Sau biyu ina zuwa zaurensa, mu gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi Kaka, ya tambayi mutanen Rogo, in tashi ban faɗa ba. Bakina ya ƙi. Daga baya na ce wa kaina ai ruwan da ya shiga shi ne zai fita, na kafa ta a bakin fita, na yi mata 'yar rumfar kwano.

Kaka ya zo ya zagaya ta da gorarsa.

"Injiniya, wannan agogon naka, in kara ya tokare a ciki, shi zai shiga ya ciro?"

"Kai ma ai ba kai ke shiga ba, Kaka, gora ce ke shiga."

"Ji ɗan banza. Wato gwangwanin madara ne zai gaje ni? Gara akuya ta gaje ni, ita ko ba komai tana kuka."

Iya ta jiyo mu ta bayan katanga. "Angona, an ce ka kawo inji. Yana gaisuwa kuwa?"

"Ba ya magana, Iya, rubutu yake yi."

"To ni da ban yi boko ba, wa zai karanta mini?"

"Ni zan karanta miki."

"Ka ji miji. Mai gora, an kore ka."

Farkon damina na'urar ta yi aiki yadda nake so. Mai unguwa ya zo ya gani, ya kawo baƙi su ma suka gani. Tsofaffin biyu ba su daina nasu ba, ni kuma ina gefe ina murmushi, don duk ranar da carbi ya ce lafiya, takarda ma lafiya take cewa. Da marka ta kama, gwiwar Kaka ta kumbura. 'Yarsa da ke aure a Zoza ta aiko a kai shi a yi masa ƙaho. Ya ƙi, ya ce ba a barin kwalbati da marka. Ni na matsa masa, na ce ga inji nan, ya je ya huta sati biyu. Ranar tafiya ya jingine gorar a zaurenmu, ya sa carbin a aljihu. Yana hawa jaki ya ce, "In ta ce in saki, ka ce ta saki. Ba ka da carbi, ka ƙirga da gaɓoɓin yatsu." Na ce to, kamar yadda ake ce wa tsoho to.

Kwana biyar da tafiyarsa, bayan azahar, aka yi ruwan da ban ga irinsa ba a shekarar. Malam da manyan ɗalibansa suna gona a bayan gari, can ruwan ya tsare su. Ni ina rumfar kwano ina kallon fensir yana hawa. Dab da la'asar ruwa ya tsagaita, sai yayyafi. Layin ya tsaya, sannan ya fara saukowa, da sauri ma. Na ji daɗi. Ban tambayi kaina yadda ruwan unguwa guda zai ƙare cikin ɗan lokaci haka ba, alhali ina jin rariyoyi suna ta zuba.

"Angona, kana nan?"

"Ina nan, Iya."

"In saki?"

"Ba sai kin saki ba. Ruwa raguwa yake yi, ga shi a rubuce."

"Raguwa? Nan kam ya taɓo dokin ƙofa."

"Ragowa ce, yanzu zai janye. Ki shiga daga yayyafin nan kada sanyi ya kama ki."

Ta ce, "To, tunda ka ce. Amma dai na saki."

Na ji ta sarai. Ban ƙirga ba, ban ma dubi bakin kwalbatin ba, ina gyara takarda da ta fara jiƙa a gefe. Daga baya matan gidan suka ce ta koma ɗaki tana ɗora kayanta kan gado, tana ce musu jikan mai gora ya ce zai janye. Su kuma ɗakunansu suna tudu, suna fama da nasu yoyon.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Abin da ya dawo da hankalina shi ne na ɗaga kai na ga ruwan da ke fita bai fi na bakin buta ba, sai na tuna ban ga sakaina ba. Na miƙe da niyyar in ɗauko gora. Ban kai tsakiyar hanya ba na ji wata ƙara daga gidan malam, ba mai ƙarfi ba ce, kamar an sauke buhun hatsi daga kan jaki. Sannan ihun mata.

Ranar na shiga gidan malam, ba sallama, ba wanda ya hana ni. Ruwa ya kai mini cinya a bayan gidan. Bangon ɗakin da ke gefen kwalbati ya zauna, rufin azara da ƙasa ya biyo shi. Da maƙwabta muka tona da hannu da fartanya. Da aka kai gare ta, mata suka rufe ta da zane kafin a ɗago ta, ni kuma na juya baya, don haka ko a ranar ban ga fuskarta ba.

Washegari bayan jana'iza muka buɗe kwalbatin. Wani tsohon zana ne ruwa ya kwaso ya naɗe a ciki, kara da ciyawa suka taru a bayansa. Sakainar tana nan maƙale, ba ta yi taku biyu daga baki ba. Da na ƙirga, da tun kafin ta gama ɗora kayanta na sani.

Na je gaban malam na faɗa masa duk yadda aka yi, har maganar da na gaya mata. Ya saurara har na gama. Ya ce kwananta ne ya ƙare, Allah ya gafarta mana baki ɗaya. Sannan ya tambaye ni me ya sa ban kafa injin a ciki ba. Na ce kunya na ji. Ya ce, "Da ka tambaya, da na sa an yi maka ƙofa ta baya."

Kaka ya dawo ranar addu'ar uku, gwiwa a ɗaure. Bai yi mini faɗa ba. A zaure ya same ni, ya dubi gorar tana jingine inda ya bar ta.

"Ta saki?"

"Ta saki."

"Ka ƙirga?"

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba.

Bayan shekara biyu na bar Karaye, aikin magudanan ruwa ya yi ta yawo da ni. Na yi shi da Turanci, na yi shi da Larabci, na ɗan yi da Faransanci a Yamai. Ko'ina na je, in aka kawo sabuwar na'ura, kafin in tambayi yadda take aiki sai na tambayi inda za a kafa 'yar'uwarta, domin guda ɗaya a bakin fita ba ta bambanta ruwan da ya ƙare da ruwan da aka tare. Abokan aiki sun ɗauka tsantseni ne na ƙwararre. Wani tsohon lebura a Alƙahira ne kaɗai ya lura da wani abu. Muna tsaye a bakin wani lambatu, ɓawon kankana ya shige ƙarƙashin gada, sai ya ga babban yatsana yana bin gaɓoɓin sauran. Ya tambaye ni ko zikiri nake yi. Na ce masa e. Har yau haka nake, in na ga abu ya shiga kwalbati sai na tsaya na ga fitarsa, ko da mota na jirana.

Da rani ya zo a shekarar da Iya ta rasu, an haƙe tsohon kwalbatin, aka gina babba na siminti nesa da gidan malam, bakinsa biyu duk a fili inda kowa ke gani. Ba a sake gina ɗaki a wurin ba. Na'urata na kwance ta da hannuna, na mayar wa mai gyaran agogo agogonsa. Ba wanda ya sake sakin sakaina a unguwarmu. Kaka ya yi shekara shida bayan haka, muna gaisawa, yana sa mini albarka, amma bai ƙara tsokanata ba har ya rasu.