Idon Malam Tsaye

Ranar Litinin ta farko a babban hutu, cikin watan Yunin shekarar da na gama aji huɗu, na fito da sassafe ɗauke da bokitin ƙullu a ka, ina bin bayan Inna, sai muka tarar an shafa wa Malam Tsaye jan kuros, wato alamar gicciye, a gindi. Fentin ko bushewa bai yi ba. Inna ta sauke kaskonta a hankali, ta tsaya hannu a ƙugu. Duk wanda ya tashi a unguwar New Bell ta Douala ya san wannan alama: abin da ma'aikatan meri, wato hukumar birni, suka yi wa jan kuros, katafila ce ke biye da shi.

Malam Tsaye mutum-mutumi ne na siminti, masunci, da filafilin kwalekwale a hannun dama da ƙaton kifi a na hagu, a tsakiyar 'yar mahaɗar da hanyarmu ta rabu da ta Kassalafam. Ba wanda ya san mai gina shi. Kakata ma cewa ta yi da aka kawo ta aure a nan ta same shi, kuma tun lokacin ba a taɓa ganin ya zauna ba, shi ya sa sunan ya bi shi. Mu 'yan mata a kan dakalinsa muke carafke, maza kuwa in suna langa shi ne sha. In an yi maka dukan da ba ka iya ramawa, bayansa kake zuwa ka yi kukanka, don shi ba ya kai tsegumi gida.

Tun rasuwar Babanmu, a ƙarƙashin kifin nan muke ci. Nan Inna ke suyar ƙosai da makala, wato fanke, tana dama kunu. Aikina shi ne surfa wake, kai markaɗe, hura gawayi, da wanke maiƙon da ya fallatsa a dakali kafin in tafi lekol, wato makaranta. Gidajen unguwarmu ba su da lamba, don haka Malam Tsaye ne adireshin kowa. Leburorin da ke tafiya kamfanonin Bassa, da 'yan bensikin masu haya da babur, har direbobin da ke tsallako gada daga Bonabéri, ba su san sunan Inna ba, "ƙosan Malam Tsaye" suka sani. Ana ta raɗe-raɗin cewa in an rushe shi za a share wurin a mayar da shi ma'ajiyar babura, mu kuwa sai dai mu kwashi kaskonmu mu nemi inda ba a san mu ba. Gaskiya kuma, in ka dube shi da idon baƙo, meri ba su yi ƙarya ba. Ruwan Douala ya ci shi, gansakuka ta rufe masa baya, rodi ya leƙo ta gwiwa, fuskar ta shafe har ba a gane ido.

Baffa Sule, ƙanin Babanmu, haifaffen Douala mai aikin ofis da Faransanci a baki, shi ne ya saka kwat ya tafi meri. Ya dawo ya ce an ɗauki Malam Tsaye a matsayin abin da ba shi da mai shi, amma wani shef, wato babban jami'insu, zai zo ya duba kafin a turo katafila. In an ga ana kula da shi, ƙila a ƙyale.

Wanda ya fi kowa zaƙewa a kan gyaran shi ne wanda ba mu taɓa zato ba, Alhaji Garba mai shadda. Bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, kuma in zai wuce ta mahaɗar sai ya kau da kai yana cewa, "A'uzubillahi, gunki a tsakiyar Musulmi!" Sai dai duk motar da ta kawo masa kaya, kwatancen ɗaya ne: a sauke a Malam Tsaye. Da Liman ya ce ba wanda ke yi wa abin nan sujada, alamar hanya ce kawai, sai Alhaji ya gyara zaman hularsa ya ce a bar masa aikin, mutanen nan ba su san gyaran bango ba. Ya sayo farar ƙasa buhu guda, irin wadda ake shafa wa gidaje a garinsu in Sallah ta ƙarato. Baffa ya ce, "Alhaji, nan fa Douala ce." Shi kuwa ya ce, "Farar ƙasa ko a Douala farar ƙasa ce."

Ranar Asabar muka yi gayya. Aka kankare gansakuka da wayar wanke tukunya, aka toshe tsagu da siminti, aka shafe shi tas. Da azahar Malam Tsaye ya fito fari fat kamar ango, Alhaji yana ta zagaya shi ta baya yana gyaɗa kai. Kafin la'asar hadari ya taso daga wajen kogin Wouri. Ruwan Douala ba ya sallama, kuma ba ya gaggawar tafiya. Muna raɓe a bakin shago muna kallo farar ƙasar ta narke, ta gangaro, kwatar unguwa ta koma kamar an zubar da nono, angon namu ya zama dabbare-dabbare kamar zabuwa. Can sai ga Alhaji Garba a guje da babbar laimar shagonsa. Ya taka bencin Inna, ya ɗaga laimar a kan Malam Tsaye, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf, amma duk da haka kansa na juye gefe guda don kada su haɗa fuska. Inna ta yi dariya har ta zauna a kan turmi tana share hawaye. Rabon da in ji dariyarta tun ranar kuros, kuma daɗin da na ji a lokacin ban manta da shi ba.

Laimar nan ce ta ba Inna dabara. Ta ce, "Baƙo ma ba a barin shi a ruwa, balle maƙwabci." Washegari kowane gida ya fito da abin da yake da shi, wannan fallen kwano, wancan katako, wani ƙusoshi a gwangwanin tumatir. Maman Odile, maƙwabciyarmu mai gasa kifi da filanten, ayabar nan ta gashi, ta sa ɗanta mai aiki a kamfanin fenti ya kawo ragowar fenti mai mai, shuɗi da rawaya da ɗan baƙi. Aka kafa rumfa mai ƙafa huɗu, aka bar Malam Tsaye ya sha iska ya bushe, sannan manya suka yi masa riga shuɗiya da kifi rawaya. Kuros ɗin kawai Baffa ya hana a taɓa, ya ce alamar gwamnati ce, wanda ya sa ta shi ke cire ta.

Saura fuska. Nan kowa ya ja da baya. Alhaji ya ce ya yi rufi, ya yi riga, amma shi kam ba zai yi wa siminti ido ba, sauran dattawa ma kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Inna ta miƙo mini buroshi ta ce, "Hauwa, ba ke ce mai zane a lekol ba? Hau." Na hau wuyan Baffa, hannuna na rawa, shi kuma yana ta motsi. Ido ɗaya ya fito ƙato kamar ƙosai, ɗayan kamar ƙwayar wake. Na sauko ina kuka, na ɗauka na ja mana katafila da hannuna. Inna ta ce, "Bar shi haka. Da ɗaya yana gadin kasko, da ɗaya yana barci."

Shef ya zo ana tsuga ruwa, wani dogon mutum mai gilashi. Yana fita daga mota ya ruga ƙarƙashin rumfar, don ba wata mafaka kusa. Ya kaɗe rigarsa, ya dubi kwanon da ba falle biyu masu kama ɗaya, ya dubi gwiwar da aka toshe, sannan ya ɗaga kai suka yi ido huɗu da Malam Tsaye. Ya daɗe yana cije leɓe. Ya tambaya da Faransanci wa ya yi wannan aika-aika. Inna ta daina juya ƙosai. Na fito daga bayanta na ce, "C'est moi, Chef," wato ni ce. Sai dariyar da yake dannewa ta ƙwace masa. Da ya nutsu ya ce abin da aka yi wa rufi, aka yi wa ido, ba za a ce ba shi da mai shi ba. Ya nemi buroshi, ya durƙusa da wandonsa mai guga, ya rufe jan kuros ɗin da shuɗi. Maman Odile ta rangaɗa guɗa irin tasu, Alhaji Garba ya yi hamdala da ƙarfi, kansa dai na gefe. Ƙosan da ke cikin kasko ranar ya ƙone, ba wanda ya damu.

Yanzu ina aikin ofis, Inna ta tsufa ta bar wa ƙanwata kaskon, Alhaji Garba ya riga mu gidan gaskiya. Yaran unguwa ba sa langa, kuma mai neman gida waya yake tambaya ta nuna masa hanya. Amma har gobe in ka ce wa ɗan bensikin ya kai ka Malam Tsaye, ba ya neman ƙarin bayani. Duk shekara kafin damina ta kankama, 'ya'yan Alhaji ke sauya kwanon da ya yi tsatsa, fuskar kuwa ni ake jira. Bara wani mai zanen allunan shaguna ya ce zai daidaita masa idanun kyauta, Inna daga kan kujerarta ta ce wa ya aike shi. Nakan hau tsani yanzu, ba wuyan Baffa ba, kuma daga can sama nakan nemi mutanen da suka tsaya a ruwan nan, in ga sun ragu. Hannuna ya daina rawa tuntuni, amma ido ɗaya ƙato nake yi, ɗaya ƙarami.