Tumatirin da Bai Gaji Ubansa Ba

Ni direban bas ne, ko in ce tsohon direba, don ciwon baya ya sauke ni daga kujera tun gashina bai gama fari ba. Da na dawo zaman gida, matata ta yi haƙuri da ni iya haƙuri, rannan ta nuna min wani fili kusa da ɗakin girki ta ce, "Malam, je ka dami ƙasa, ka bar ni in sha iska."

Na sayo irin tumatir a wata 'yar takarda mai ƙyalli, na shuka ban san komai ba. Sai ga 'ya'ya jajur, kowanne kamar dunƙulen hannu, girmansu ɗaya kamar an auna. Nan fa kaina ya kumbura. Duk wanda ya yi sallama sai na ja shi lambu na yi masa lacca a kan ban ruwa. Wanzamin layinmu ya raɗa min suna Farfesa, ni kuma ba kunya na amsa.

Na zaɓi manyan ciki, na matse, na shanya irin a faranti, na ƙulla a leda na bi maƙwabta gida-gida ina rabawa. "Ku daina saye," na ce musu, "ga nawa."

Da lokacin ɗiba ya zo, na maƙwabcina mai shago ganye kawai ya yi. Nawa ya fito a yamutse kamar fuskar mai jin barci. Telan layinmu kuwa ya same ni a ƙofar gida, tafin hannunsa cike da wasu 'yan mitsi-mitsin jajayen abubuwa.

"Farfesa, waɗannan dafawa zan yi ko in ɗinka a gaban riga?"

Ƙanwar matata malamar gona ce. Ta zo ta duba lambun, tana ta cije leɓe don kada dariya ta kufce mata.

"Yaya, irin da ka saya haɗi ne. Uwa daban, uba daban, zaɓo su aka yi aka haɗa. 'Ya'yan farko ne ke fitowa bai ɗaya. Jikoki kuwa, kowa sai ya ɗauko kakan da ya ga dama."

"To me ya hana su rubuta a jiki?"

"Sun rubuta. Ina takardar?"

Da ita na hura gawayi tun ranar farko. Daga ɗakin girki matata ta ɗaga murya: "Ai ba a tumatir aka fara ba. Duba yaranka, duk hancin kakarsu suka kwaso."

Na sayo sabon iri, na rene shi, na sake bin gidajen nan da dashe a kwando ina ba da haƙuri. Mai shago ya karɓa, amma sai da ya sa na nuna masa takardar sabon irin.

Bana barkono na shuka. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.