Libarbar Baba Ishaya

Ranar wata Asabar ce a watan Nuwamba, shekara bakwai ke nan, da misalin ƙarfe biyu na rana, a hawa na tara na wani dogon bene a Ladywood, cikin Birmingham. Mu huɗu ne a falon: ni, da abokina Dauda, da wani dattijo mai suna Baba Ishaya, da 'yarsa Grace. Sunayen kawai na sauya. Sauran duka haka ya faru, wallahi. Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo kafin in zo ƙasar nan, kuma ban saba faɗin abin da ban tabbatar ba.

A unguwar Longsight ta Manchester nake zaune, aikina tafinta a asibitoci da ofisoshin ƙaramar hukuma. Dauda kuwa direban bas ne a Moss Side, ita ma unguwa ce a Manchester, mutumin Kudancin Kaduna, dattijon coci, kuma a ranakun hutu yana sayen tsofaffin kaya, agogo da lambobin soja da makamantansu, ya sayar wa masu tarawa. Ni na haɗa cinikin. Na ji labari cewa Baba Ishaya ya samu shanyewar ɓarin jiki, za a kai shi gidan kula da tsofaffi, kuma yana da tsohuwar bindiga libarba wadda ba za a bar shi ya shiga da ita ba. Irin waɗanda aka daina ƙera harsashinsu tun kafin a haifi iyayenmu ce, doka ta yarda a ajiye su a matsayin kayan ado.

Grace ta fito da ita a naɗe cikin wani tsohon bargo. Baƙa ce, mai nauyi, mariƙinta na itace ya yi sulɓi saboda riƙo. Ta faɗi kuɗi, Dauda ya taya, suka daidaita a minti biyar. Amma Dauda a kasuwa ya tashi, uwarsa 'yar tireda ce, don haka ya ƙi miƙa hannu.

Ya ce, "Malam, kaya na Baba ne, ba na Grace ba. Sai ya ce ya sallama."

Tun da ciwon ya same shi Baba ya daina Turanci, Hausa kaɗai ta rage masa, ita ma a hankali, da gefe ɗaya na baki. Grace a nan aka haife ta, ban da gaisuwa ba ta jin komai. Sai na durƙusa a gefen kujerarsa, na kai kunnena kusa da bakinsa.

Na ce, "Baba, an yi ciniki. Ka sallama?"

Ya daɗe yana kallon bargon. Sa'an nan ya ce, "A'a. Ajiya ce. Mai ita zai zo."

Na sake tambaya, ya sake faɗa, kalma bakwai ɗin nan ba ƙari. Ba wanda ya ji sai ni. Na ɗago na ga Grace ta riƙe baki tana son yin kuka, ga kwalaye ko'ina, ranar Litinin za ta mayar da makullin gidan, ga mu mun taso tun daga Manchester. Na ce a raina tsufa ne da ciwo. Na miƙe na ce, "Baba ya sallama."

Dauda ya ce, "Allah ya sa albarka," ya ɗauka. Masu karatu, wannan ita ce ƙaryar farko da na taɓa yi a aikin tafinta.

Mako uku bayan haka matar Dauda, Rahila, ta kira ni. Ta ce, "Malam, don Allah ka zo ka ga abokinka. Ka zo kafin ƙarfe huɗu."

Na isa uku da rabi. Dauda na zaune a falo, ya rame, hannun hagu a kan cinya kamar ba nasa ba. An dakatar da shi daga tuƙi. Rahila ta ce sun je wajen GP, likitan unguwa, an tura su asibiti, an ɗauki hoton kai sau biyu, an ce ba komai.

Dauda ya yi dariya, ya nuna matarsa ya ce, "Maman Blessing ce ke ta da hankali. Sanyin ƙasar nan ne. Kai ma dubi yadda ka tsufa, ɗan jarida."

Ta ce, "Sanyi ne ke sa ka magana da ƙarfe huɗu?"

Ya ce, "Wace magana?"

Ta juyo gare ni. Ta nuna mini akwatin gilashi a kan kabad, inda libarbar take, ta zaro makullinsa daga ɗaurin zanenta ta nuna mini, ta mayar. Muka zauna muna shan shayi. Rana ta fara faɗuwa, yara na dawowa daga makaranta a titi, komai lafiya.

Ƙarfe huɗu da minti biyu, na duba agogo, sai muka ji ƙaras. Ƙara ɗaya, ta ƙarfe, daga cikin akwatin. Idona na kan bindigar, na ga gangarta mai gurbin harsashi ta juya taki ɗaya ta tsaya. Ba kowa kusa da ita. Na waiga wajen Dauda, sai na ga bakinsa ya karkace gefe, idonsa a kaina, ya ce a hankali, "A'a. Ajiya ce. Mai ita zai zo."

Innalillahi. Kofin ya suɓuce mini. Kalmomin nan ban faɗa wa kowa ba, ko matata. Bayan kamar minti ɗaya bakinsa ya koma daidai, ya dubi shayin da ya zube a kafet ya ce, "Malam, lafiya?"

Rahila ta bi ni har ƙofa. Ta ce kwana goma sha biyu ke nan, kullum a lokacin nan, kuma kullum hannun na ƙara mutuwa, jiya ƙafar ta fara ja. Fasto ya zo da mutum uku sun yi addu'a, abin bai fasa ba. A bakin ƙofar nan na gaya mata abin da na yi. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "To kai ka kawo ta. Kai za ka fitar da ita."

Na kira Grace a mota. Baba ya rasu kwana goma sha biyu da suka wuce, da yamma. Na tambaye ta wa ya ba shi ajiyar, ta ce ba ta taɓa jin ajiya ce ba, tun tana ƙarama take ganinta, ba ya yarda kowa ya taɓa. Na roƙe ta ta karɓa, ba sai ta mayar da ko kwabo ba. Ta ce ba za ta sa bindiga a gidan da 'ya'yanta suke ba, ta kashe waya.

Na koma wajen Rahila na ce a kai wa 'yan sanda. Ta ƙi, takardunsu na izinin zama suna hannun hukuma ana sabuntawa, ba ta son sunan mijinta ya haɗu da kalmar bindiga a kowane fayil. Na ce a jefa a ruwa. Ta ce, "In an jefa, ta wa ce? Har yanzu tasa ce. Da ciniki ta shigo, da ciniki za ta fita." Ta koma ciki ta sa Dauda ya ce ya sallama sau uku, yana yi yana tambayar me ke faruwa.

Washegari da safe na hau hanyar Birmingham da bindigar naɗe cikin bargon a but ɗin mota. Akwai wani Bature a can da Dauda ke sayar wa kaya, yana da ƙaramin shagon kayan tarihi. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya sa tabarau ya juya bindigar, ya yaba aikinta. Sai ya tambaye ni ko tana da wata matsala da ya kamata ya sani.

Na san hukuncin ciniki tun ina yaro: mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa. Na tuna ƙafar Dauda. Na ce babu. Ya biya, ya rubuta mini rasit da sunansa a sama, ya raka ni ƙofa yana cewa in gaida Dauda, Allah ya ba shi lafiya.

A ranar ƙarfe huɗu ta wuce a Moss Side ba abin da ya faru. Cikin mako biyu Dauda ya fara ɗaga hannu, bayan wata uku ya koma tuƙi. Yatsu biyu ne ba su dawo ba har yau. Rahila na gaishe ni in mun haɗu a kasuwa, amma ba ta ƙara ce mini in shigo ba.

Ban san mene ne a jikin bindigar nan ba, ban san wane ne mai ita ba, ba kuma zan ƙirƙiro muku bayani ba. Abin da zan ce kawai, in kuna sayen kayan tsoho, ku ji sallamar da kunnenku. In kuma an sa ku a tsakani, ku faɗi abin da aka faɗa.

A watan Janairu kamfanin da ke tura mu aiki ya aiko mini da saƙo. Ana neman mai jin Hausa a wani asibiti a Birmingham, sashen masu shanyewar jiki, majinyacin namiji ne, iyalinsa ba sa gane abin da yake faɗa, wata ma'aikaciya 'yar Najeriya ce ta ce Hausa ce. Sunan da ke saƙon shi ne wanda ke kan rasit ɗina. Na ce ina da uzuri. Bayan kwana huɗu aka soke aikin, aka rubuta cewa majinyacin ya rasu.