Tsohon da ke kwance notin dogo

Hawan jini ne ya ɗora ni kan keke, ba sha'awa ba. Likita ya ce ko in motsa jiki ko in shirya kwanciya, ni kuwa tela ne, daga safe har la'asar ƙafata kawai ke motsi a kan keken ɗinki. Sai na gyara tsohon keken mahaifina, kowace Asabar da hantsi in fita daga Kafanchan, in zagaye duwatsun da ke wajen Kagoro, in dawo ta gefen layin dogo.

Hanyar tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ka hau kana haki har sarƙa ta yi ƙara, ka leƙo sai ga gonakin citta da acca a shimfiɗe ƙasa, ga ruwa yana zubowa daga tsagin dutse. A gangare kuwa birki kawai kake roƙo. Amma a shekarun nan na ƙarshen tamanin, bayan rikicin addinin da ya faru a gari, kowa da gefen ido yake kallon kowa. A ƙauyukan nan keke na ɗaukar doya ne da buhun citta. Ga Bahaushe da hula, kariyar kekensa wayam, yana zagaye dutse ba saye ba sayarwa. Mata kan ajiye tulu su bi ni da kallo har in ɓace. Ni ma ban yarda da su ba, gaisuwata a gurguje nake yin ta.

Can bayan dutse akwai wani reshen layi da aka daina amfani da shi. Taragai uku sun yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tagoginsu, ga tankin ruwa na zamanin jirgin gawayi ya karkace. A nan na fara ganin wani tsoho mai gajeren wandon kaki, da doguwar guduma a kafaɗa da ƙatuwar sufana. Yana tafe yana ƙwanƙwasa dogo, ya karkata kunne, ya wuce. Ya ce mini, "Sannu da aiki, Malam." Wane aiki? Raina ya ba ni ba'a yake yi.

Asabar ta uku na laɓe bayan tarago na gan shi ƙiri-ƙiri yana kwance noti yana jefawa a buhu. A lokacin satar ƙarfen dogo ta zama ruwan dare, ana kai wa maƙera su yi fartanya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mahaifina da jirgin nan ya yi fataucin goro har ya gina gidanmu. Na ce wato su suna zargina, ashe ɓarawon a cikinsu yake, har da furfurarsa. Ban tambaye shi komai ba. Na taka keke sai tasha, na faɗa wa wani surukina mai gadi a can, har da ƙarin gishiri.

Na ji daɗin kaina mako guda cur. Asabar ta zagayo ban ji ƙarar guduma ba. Wata mata mai saran itace ta nuna mini gidan tsohon da haɓa. Na je ne don in ga idon ɓarawo.

Na same shi zaune a gindin mangwaro, hannuwansa a kan gwiwa kamar bai san inda zai ajiye su ba. Ya tura mini kujera, ya sa aka kawo ruwa.

"Malam, sun karɓi guduma na," in ji shi. "Da sufana. Gaban jikoki na suka zazzage buhu, suka ce ni ɓarawo ne. Ranar Lahadi na shiga sujada a coci, mutane suna matsawa."

Na ce, "To Baba, notin fa? Me ya kai ka kwance su?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake cin tuwo. Ashe tun yana saurayi aikinsa ke nan, bin dogo da ƙafa, ya buga ya saurara, inda ya ji sautin ya yi sako-sako ya ɗaure. An sallame su daga aikin, an daina zuwa dubawa, shi kuwa ƙafarsa ta ƙi daina zuwa.

"Wancan layi ya mutu, ba jirgi. Amma babban layi yana da rai, jirgi yana wucewa da mutane. Ɓarayi suna cire noti a kwana, inda layi ya lanƙwasa. Ni ina cire na matacce, ina sa wa mai rai. Shi ke nan laifi na."

Na ajiye ruwan a ƙasa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

Ya ci gaba, "Ban san wanda ya kai ni ba, Ubangiji ya sani. Kai ma ka yi hankali. Samari na nan sun so su tare ka a gangare, wai kana ƙirga gidaje namu. Na ce su bar ka. Ni ma ina yawo ba kaya, na san irin mu."

Na buɗe baki in faɗa masa ni ne. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kyauta, Baba."

Da zan tafi ya riƙe kan kekena. Ya ce an hana shi taɓa dogo, amma a kwanar babban layi da ke bayan dutse ya bar alamar alli, noti huɗu babu, kuma jirgi zai bi ran Talata. Tunda ina da keke, in taimaka in duba.

Na je. Ga allin nan, ga ramuka huɗu. Na ciro noti ɗaya da ya faɗi cikin tsakuwa, na durƙusa, na zaro sufanar kekena daga jaka. Ko rabin notin ba ta kama ba. Na koma tasha da gudu na roƙi surukina ya mayar wa tsohon da kayan aikinsa, ya ce ai an riga an rubuta, sun wuce ofis. Ya yi alkawarin za a tura wani ya ɗaure.

Ran Talata na kashe keken ɗinki tun azahar, na zauna a bakin shago ina jiran kukan jirgi.