Hanyar da Mai Zarto Ya Lanƙwasa

A waɗancan shekaru unguwar layi biyu ce kacal, na maƙera da na masu katako. Garin katako kan taru a bakin ƙofofi, ƙarar inji kuwa ba ta yankewa sai rana ta faɗi. Daga shagon ƙarshe sai kurmi, mai duhu ko da rana tsaka, wanda wasu itatuwansa sun girmi unguwar nesa ba kusa ba.

A nan aka san Mai Zarto. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kayar da itace, har ana cewa inda ya nuna da yatsa nan itacen zai kwanta. Da hukuma ta hana sara, ta mai da kurmin wurin shaƙatawa, sai aka ɗauke shi gadi. Matarsa ta shaida mini cewa ranar har da riƙe ciki don dariya: "Maigida, yau an ba kura ajiyar nama!"

A shekara ta biyu aka turo injiniya ya shimfiɗa hanyar siminti miƙaƙƙiya daga ƙofar kurmin zuwa rafin da ke cikinsa, ta ratsa tsakanin manyan itatuwa bakwai. A taswirarsa hanyar ba ta taɓa ko ɗaya ba. Mai Zarto ya bi layin da ƙafa, ya dawo ya ce haƙar za ta kashe su duka.

"Baba, taku talatin ne tsakanin layin nan da gindin itace," in ji injiniya. "Kai gadi aka ce ka yi."

"Yallaɓai, kututturan da na tumɓuke sun fi gashin kanka yawa. Ba ni minti goma. In ban nuna maka ba, ka karɓi rigar gadin."

Ya durƙusa daidai kan layin ya soma tono. Bai yi zurfin kamu ɗaya ba sai ga saiwa, kaurinta kamar cinyar mutum. Leburori biyu da na zanta da su sun saɓa game da kaurin, amma bakinsu ya zo ɗaya kan cewa injiniyan ya naɗe taswirarsa ya ce, "To, Baba, shige gaba."

Wata huɗu Mai Zarto ya yi yana bin saiwoyi yana kafa turaku, yana ɗaure su da igiyar shanyar matarsa, wadda har yau take cewa ba a dawo mata da ita ba. Hanyar ta fito a karkace, tsawonta ya ninka, aka zuba tsakuwa a maimakon siminti. Masu zuwa motsa jiki suna mitar yawan kwanarta, amma cikin inuwa suke yin mitar. Itatuwan bakwai suna nan tsaye. Na ƙirga su da kaina a bana.

Ciwon gwiwa ya zaunar da Mai Zarto kafin ya tsallaka rafi da aikin. A ɓangaren gabas, hayin rafin, akwai tsofaffin itatuwa goma sha ɗaya da ba a bi saiwoyinsu ba, ba a kuma yi musu hanya ba. Turakunsa na ƙarshe suna nan a bakin ruwa.